Na shafe tsagar jita a hoto, yanzu Kawu ya daina amsa gaisuwata

Assalamu alaikum. Ni matashi ne ɗan shekara 24 a garin Gombe. Kawuna, wan mahaifiyata, yana da rumfa inda yake haɗa garaya da molo da goge, yana kuma gyaran jita, wani lokaci ya sayi tsohuwa ya gyara ya sayar. Wata tara da suka wuce na fara ɗaukar hoton kayansa da wayata ina sawa a Facebook da WhatsApp, har ciniki ya fara zuwa daga Bauchi da Jos da Yola. Ko sisi bai taɓa ba ni ba, data ma da kuɗina nake saya. Kwanan baya ya samo wata jita Yamaha ta hannu, tana da 'yar tsaga a fuska, ƙasa da jakin da tsirkiya ke hawa. Ya ce in yi mata hoto mai kyau. Da na ɗauka sai tsagar ta fito, na shafe ta da manhaja, na ƙara wa katakon ja da sheƙi. Wani mai kiɗa a coci a Jos ya saya naira dubu 90, muka sa masa a mota. Da ta isa ya kira Kawu ya yi masa tatas, ya kuma rubuta a ƙarƙashin hoton cewa an cuce shi, kowa yana gani. Yanzu kuɗinsa yake so. Kawu ya ce na zubar masa da mutuncin shekara 30, kuɗin mota zuwa da dawowa ni zan biya, kuma kada in ƙara taɓa kayansa. Mako biyu ke nan ba ya amsa gaisuwata. Inna ta ce in ba shi haƙuri in rabu da harkar. Ni kuwa gani nake kowa yana gyara hoto, kuma shi ya ce in yi mai kyau. Ina son wannan sana'a. Yaya zan yi?

Wani matashi, Gombe

Wa alaikumus salam, ƙanena. Na ji zafin da ke cikin wasiƙarka, kuma zafin yana da dalili. Wata tara kana wahala da wayarka da kuɗinka, ba a taɓa ce maka sannu ba, ranar da ka yi tuntuɓe sau ɗaya kuma aka manta da duk tafiyar da ka yi. Wannan yana da ciwo. Sai dai magana biyu ka zuba a ƙwarya ɗaya, ta tsagar da ka shafe da ta ladan da ba a ba ka ba. In ka kai su gaban Kawu tare, duka biyun za ka rasa. Mu fara da wadda ke ƙonewa.

Ka ɗan manta da Kawu tukuna, ka tuna mutumin Jos. Da a ce ya zo rumfar da ƙafarsa, zai ɗauki jitar ya juya ta, ya kai ta bakin ƙofa ya duba a haske, ya shafa fuskarta da yatsa, ya ƙwanƙwasa ya ji. Duk wannan bai samu ba. Hotonka ne idonsa, hotonka ne yatsansa, a kansa ya tura dubu 90 ga mutanen da bai taɓa gani ba. Gaskiyarka ce kowa yana gyara hoto, amma gyara iri biyu ne. Akwai wanda ake yi don hoto ya ƙara kama da kayan: ka ƙara haske in ya yi duhu, ka miƙar da shi in ya karkace, ka yanke gefen da bokiti ya shigo. Akwai kuma wanda ake yi don kayan su zama abin da ba su ba. Yadda za ka bambanta su abu ne mai sauƙi. Ka ƙaddara mai saye ya buɗe kwali ya ajiye jitar kusa da wayarsa. In idonsa ya ga abu ɗaya, ka yi gyara. In ya ga biyu, ka yi algus. Ka san hadisin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya wuce wani mai sayar da hatsi, ya tura hannu cikin tarin ya ji jiƙa a ƙasa, ya tambaye shi me ya hana shi sa jiƙaƙƙen a sama mutane su gani, sannan ya ce wanda ya yi algus ba ya tare da shi. Manhajar da ka yi aiki da ita busasshen hatsin sama ce kawai. A fiƙihu mai saye yana da damar mayar da kaya in ya ga aibin da aka ɓoye masa, kuma dokar kare masu saye ta Najeriya ta 2018 ita ma ta hana a siffanta kaya ta hanyar da za ta yaudari mai saye. Ta kowace ƙofa ka bi, mutumin nan yana da gaskiya.

Kuma kada ka raina tsagar don ka kira ta 'yar ƙarama. Fuskar jita katako ne siriri, kaurinsa bai fi milimita 3 ba, kuma tsirkiyoyin ƙarfe shida in an ɗaure su suna jan jakin da nauyin da ya kai kusan kilo 70, dare da rana. Tsaga a ƙasan jaki tana daidai inda wannan jan ke sauka. Ga kuma yanayinmu. Katakon jita ya fi jin daɗi in laimar iska tana tsakanin kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari, mu kuwa da hunturu takan faɗi ƙasa da 20, katako ya tsuke, tsagar da ta yi kamar silin gashi ta buɗe baki. Mai yiwuwa ma abin da ya gani a Jos ya fi wanda ka gani a Gombe girma, bayan ta sha jijjiga a bayan mota. Don haka hoton asali, wanda ba ka taɓa ba, ka adana shi, kada ka share. Shi ne kaɗai zai nuna yadda take ranar da ta bar hannunku.

To, Kawu. Da ya ce maka hoto mai kyau, ina kyautata zaton abin da yake nufi shi ne kada ta fito a duhu kamar an ɗauka a rumbu. Ba na jin ya san akwai abin da zai iya cire tsaga daga hoto cikin daƙiƙa biyar. Wannan ma yana cikin abin da ya tayar masa da hankali: an yi abu da sunansa a cikin wata waya, a wurin da idonsa ba ya kaiwa, sai kira ya ji daga baƙo ana ce masa macuci. Ka kuma san yadda jama'armu ke kallon duk wanda sana'arsa ta raɓi kiɗa. Mutum irin Kawu sai ya yi shekaru yana cika alkawari kafin a ce wane ai mutumin kirki ne. Jarinsa ke nan, ya fi katako da fatun da ke rumfar tsada. Ban wanke shi tas ba. Ya san da tsagar, kuma in har ya yi magana da mai sayen a waya ya yi shiru a kanta, shi ma yana da nasa kason. Amma wannan magana ba daga bakinka za ta fito ba, ba kuma yanzu ba.

Abin da nake so ka yi cikin kwana biyu zuwa uku shi ne ka sami wani babba da Kawu ke jin nauyinsa, abokinsa na ƙuruciya ko wani dattijo a dangi, ya raka ka gidansa da dare. Kada ka je rumfa, inda yara da maƙwabta za su zuba ido ya ji dole ya ɗaure fuska. Kada kuma ka ɗora wa Inna, ƙanwarsa ce, tsakanin wanta da ɗanta bakinta a ɗaure yake. Ka durƙusa ka ce: "Kawu, ni na shafe tsagar nan, ba da saninka ba, na yi kuskure, ka yafe mini." Ka tsaya nan. Kalmar "amma" kada ta biyo baya, don duk ban haƙurin da aka jingina wa "amma" ya koma gardama. In ya yi faɗa ka bar shi ya zazzage, mako biyu yake tara shi.

Daga nan ka nemi izininsa ka kira mutumin Jos da kanka. Ka gaya masa ba mai rumfar ya taɓa hoton ba, kai ne, ka tura masa na asalin. Ku ba shi zaɓi: ko ya dawo da ita a ba shi kuɗinsa cif, ko ya riƙe a rage masa abin da zai isa gyara da ɗan ƙari na ɓacin rai. Shi zai zaɓa, ba ku ba. Abin da ya rubuta a ƙarƙashin hoton kuma kada ka cire. Na san hannunka yana ƙaiƙayi, amma ya riga ya ɗauki hoton allon, ka tabbata, kuma in ka cire sai ya dawo da wanda ya fi shi zafi. Ka ba shi amsa a nan inda kowa ke gani, layi biyu ko uku: gaskiya ne, hoton an gyara shi, laifin mai ɗaukar hoto ne, mai rumfa bai sani ba, kuma an ba shi haƙƙinsa. Masu karantawa sun sha ganin ɗan kasuwa yana zagin mai ƙorafi, wanda ya amsa laifi ne ba su cika gani ba. Kuɗin mota kuwa, ni shawarata ka biya, ko da kaɗan-kaɗan ne. In dattijon da ya raka ka ya ga ya kamata a raba, shi zai faɗa. Jitar in ta dawo ba asara ba ce gaba ɗaya: irin wannan tsaga ana ɗura mata gam a matse, a liƙa 'yan ƙananan katako ta ciki su riƙe ta, kuma Kawu ya fi ni sanin wannan. Sai a sake sa ta a kasuwa, a rubuta cewa an gyara ta, da hoton wurin gyaran.

Yanzu bari in zo kan sana'ar, tunda ka ce kana sonta, kuma daga yadda ka janyo ciniki daga jihohi uku da waya kawai na yarda kana da ido. Jan da sheƙin da ka je nema a manhaja, a haske ake samunsu. Jita mai fenti mai ƙyalli madubi ce. Ka tsaya gabanta a rumfa da rana tsaka ka duba da kyau, za ka ga kwanon rufi, ka ga bakin titi, ka ga kanka riƙe da waya, duk a fuskarta. Kyamara ma abin da take gani ke nan, shi ya sa katakon ke fitowa fari-fari kamar an watsa masa toka, kai kuma sai ka koma kana ƙara masa launi da hannu. Haske yana tashi daga abu mai sheƙi da irin karkatar da ya sauka a kansa, saboda haka in fitila tana bayanka ko a jikin wayarka, kai tsaye za ta dawo cikin idon kyamara. Filashin waya ka kashe shi ka manta da shi. Ka shigar da jitar ɗaki, ka ajiye ta kusa da ƙofa ko taga yadda hasken zai zo mata ta gefe, da safe kafin rana ta yi ƙarfi ko bayan la'asar. In hasken yana da kaifi, ka rataya farin zanen gado a ƙofar ya tace shi. Sannan ka riƙa juya jitar a hankali, kaɗan-kaɗan, kana kallon allon waya, za ka ga farin ƙyallin yana zamewa har ya koma gefe ya zama siririn layi a bakinta, zanen katakon ya fito da launinsa na gaske. Ɓangaren da ya yi duhu ka jingina farin kwali kusa da shi ya mayar masa da haske. Jarin duka bai wuce zane da kwali ba.

Ƙwan lantarkin ɗakin ka kashe shi. Ƙwai mai ruwan ɗorawa haskensa yana wajen 2700 a ma'aunin launin haske da ake kira Kelvin, na rana kuma wajen 5500, in suka haɗu a hoto ɗaya sai rabin jita ya yi ja rabi ya yi shuɗi, waya ta rasa wanda za ta bi. Ka sa farar takarda a gefen jitar a hoton gwaji. In ta fito fara, launinka daidai ne, in ta fito kamar an jiƙa ta a shayi, da saura. Kada kuma ka matsa kusa da yawa. Idon kyamarar waya mai faɗi ne, duk abin da ya fi kusa da shi sai ya kumbura, shi ya sa za ka ga cikin jita ya yi ƙato wuyanta ya tsuke kamar na zalɓe. Ka ja baya kamar mita biyu, ka danna 2x a allon kyamarar don ta kusanto da jitar, ka riƙe wayar daidai tsakiyar jitar, ba daga sama ba. Tsarin nan da ke dusashe bayan hoto ka guje shi, yakan cinye tsirkiya da maɗauranta don yana ɗaukansu a matsayin bango. Ka jingina wayar a kan wani abu, ka sa ta ƙirga daƙiƙa uku kafin ta ɗauka, hannu ba zai girgiza ta ba. Kafin duk wannan ka share idon kyamarar da gefen rigarka, ka share jitar da tsumma mai laushi, don ƙurar Gombe da shatin yatsa a kan baƙin fenti sun fi komai fitowa. Kuma kada ka fitar da kayan Kawu rana don neman haske: zafi yana sassauta gam, yana kuma ɗame fata har ta fashe.

Mai sayen jita daga nesa yana so ya ga gaba da baya, da kai inda sunan kamfani yake, da takardar da ke cikin ramin mai ɗauke da lambar samfuri. Wanda ya san kan abin kuma hoto biyu yake nema da yawancin masu talla ba sa sawa. Ɗaya daga gefe, a mataki na 12 na wuyan, wato ƙarfe na 12 cikin waɗanda ke gicciye a kansa, ya nuna tazarar tsirkiya da ƙarfen matakin. A jita mai lafiya milimita 2 zuwa 3 ce, in ta yi sama sosai yatsa zai sha wuya. Ɗayan kuma jakin ne daga gefe, a ga ko ya fara ɗagawa. Aibi kuwa hoto nasa na kansa za ka yi masa: hasken ya zo a kwance ta gefe yadda tsagar za ta yi inuwa, ka ajiye tsinken ashana ko abin awo kusa da ita a san tsawonta. Za ka ga kamar kana korar ciniki, amma wanda ya saya bayan ya ga wannan ba zai kira Kawu da faɗa ba. Ka ƙara da bidiyo na rabin minti ana kaɗa ta. In za ka tura ta WhatsApp ka zaɓi HD ko ka tura a matsayin fayil, don in ba haka ba yana matse hoto, ƙananan abubuwa irin tsaga su ɓace ko ba ka shafe su ba.

Kayan da Kawu ke haɗawa da hannunsa su kuma wani sha'ani ne daban, kuma a ganina nan ne arzikinka yake, don jita Yamaha akwai hotunanta dubbai a intanet, garayar Kawu kuwa babu sai wanda ka ɗauka. Su ba sa sheƙi, haske suke sha. Hasken gefen nan shi zai fito da ƙwayar fatar da aka ɗame a bakin ƙwaryar goge, da ɗinkin da ya zagaye garaya, da izgar doki sili-sili. Tabarmar kaba ko bangon ƙasa sun dace da su, tabarmar roba mai launi bakwai kuwa sai ta ƙwace ido. Matsalarsu girma ce. Goge da kukuma a hoto kusan kamarsu ɗaya, dukansu tsirkiya ɗaya, sai an riƙe a san kukuma ce ƙarama. Don haka ka ɗauki ɗaya a hannun mutum, in Kawu ya huce ma a nasa hannun, yana ɗaure tsirkiya. Ka rubuta tsawo, da irin fatar, da yawan tsirkiya, garaya biyu, molo uku, da ko izga ce ko roba. Ka tuna kuntigin marigayi Ɗan Maraya Jos, abu ne da bai cika tafin hannu biyu ba, tsirkiya ɗaya tal, amma har ya rasu a 2015 babu wanda ya ce sai an yi masa fenti. A rumfar Kawu dai goge ɗaya ya halatta, wanda ake kaɗawa.

Maganar lada ka bar ta sai ƙura ta lafa, wata ɗaya ko biyu, bayan mutumin Jos ya karɓi haƙƙinsa. Ina zaton Kawu bai hana ka don mugunta ba. A idonsa kai ɗan ƙanwarsa ne da ke taimakawa, kamar yadda shi ma ya yi wa wanda ya koya masa shekaru yana shara da jiƙa fata ba a ba shi ko taro ba. Wataƙila bai ma san data kuɗi take ci ba. Ka je masa da lissafi a rubuce: ga kayan da aka sayar ta hoto cikin wata tara, ga abin da na kashe. Ka roƙi ɗan kamasho a kan duk abin da aka sayar ta hannunka, ko kuɗin data duk wata, kai kuma ka ɗauki alkawarin babu hoton da zai hau sai ya gani da idonsa ya ce to. Wannan sharaɗin zai fi kwantar masa da hankali fiye da duk rantsuwar da za ka yi. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022 ta ce a ƙa'ida hoto na wanda ya ɗauka ne sai in an yi wata yarjejeniya, amma wannan ka ajiye shi don ranar da za ka yi wa baƙo aiki, ba a karanta wa kawu doka.

In kuma ya kafe ya ce kayansa sun haramta gare ka, ka karɓa ba tare da ɗaga murya ba, ka ci gaba da gaishe shi safe da yamma ko ya amsa ko bai amsa ba. Masu shagunan kayan kiɗa suna nan, majami'un Billiri da Kaltungo suna saye suna sayar da kayan kiɗa, ga masu ɗinkin hula da takalma da jakunkunan fata da duk suke neman mai ɗaukar musu hoto. Wanda ya iya raba baƙar jita da ƙyallinta, takalmi ba zai ba shi wuya ba. Inna kuma ka gaya mata ka ɗauki rabin shawararta, za ka ba da haƙuri, sauran rabin ka roƙe ta ta sa maka albarka a kai.

A daren yau, kafin ka je ko'ina, ka buɗe shafin ka bi tsofaffin hotunan ɗaya bayan ɗaya. Duk wanda ka san ka shafe wani abu a jikinsa ko ka canza masa launi, ka sauke shi. In akwai wanda aka riga aka saya a kan irin wannan hoton, ka rubuta sunan kayan a takarda, ka tafi da ita gidan Kawu.